Na Bayan Makara

Lokacin da injiniyoyi suka zo shata hanyar ruwan da za a sako daga Tiga, sun auna komai na garinmu: gangaren ƙasa, zurfin rijiyoyi, har yawan tsamiyoyin da za a sare. Inda muke kai matattunmu ne kawai ba su tambaya ba, mu ma ba wanda ya tuna ya gaya musu. Da aka gama aiki sai ga Tsamiyar Jaji a gabas da babban kanal, maƙabartarta kuma a yamma, ruwa mai shanye dogon mutum yana gudu a tsakani.

An yi mana gada, ba za a ce ba a yi ba. Siririya ce ta kankare, faɗinta bai wuce na tabarmar salla ba, don mai zuwa gona da fartanya a kafaɗa aka yi ta. Da farko tana da ƙarfen dafawa hagu da dama, amma wasu da suka fi mu buƙatar ƙarfe sun ɗauke shi tun a shekarar farko. Gadar mota kuwa tana can wajen hanyar Bunkure, tafiyar fiye da sa'a guda a ƙafa. A shekarun farko ta can ake zagayawa da gawa, cikin rana, ana karɓa-karɓa har a kai. Wata rana aka yi rasuwa da la'asar sakaliya, ana gudun kada magariba ta riski mutane a hanya, sai samari biyu suka ce za su ƙetarar da makarar ta siririyar gada, ɗaya a gaba ɗaya a baya, tunda ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Suka ƙetare lafiya. Abin da aka yi sau ɗaya don larura, kafin shekara biyar ya zama al'ada, kafin goma ya zama mutunci. A garinmu in aka ce an zagaya da wane, ana nufin ya mutu ba shi da kowa.

Samarin nan biyu su ne Datti da Maharazu. Datti ɗan Gwaggo Ummulkhairi ne na cikinta. Maharazu ɗan ƙaninta ne, ta ɗauko shi ta riƙe tun yana shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyarsa. Taubasai ne da suka tashi a ɗaki ɗaya, saboda haka ba a taɓa jin sun gaisa ba tare da tsiya ba.

Datti ne a gaba, Maharazu a baya, kuma duk wanda ya taɓa kallon abin ya san wahalar tana wurin na baya. Na gaba yana ganin gada. Na baya kuwa makara ce a gabansa, ta rufe masa ƙasa gaba ɗaya, abin da yake gani kawai tudun ƙafafun mamaci ne a ƙarƙashin mayafi. Da tafin ƙafa yake gane inda kankare ya ƙare. Shi ya sa Maharazu yake tuɓe takalmi a bakin gada, ya ɗora sandunan makara a kafaɗunsa biyu, ya miƙe sak, ya ce wa Datti, "Mu je, ɗan mace." Taku arba'in da biyu ne. Ya yi su fiye da shekara ashirin bai taɓa tuntuɓe ba, bai kuma taɓa karɓar ko goro a kai ba.

In an cire wannan, rayuwarsa irin ta kowa ce a nan. Shinkafa da damina, tumatir da alkama da rani, bijimai biyu a turke, mata ɗaya mai suna Sa'adiya, 'ya'ya biyar. Ba shi da yawan magana. In ana lissafin mutanen gari, a ce wane liman ne, wane mai unguwa ne, wane yana da injin casa, shi abin da ake cewa shi ne na bayan makara, kuma bai taɓa neman ƙari a kan haka ba.

A ranin 2003 ciwon ya fara, kuma da ladabi ya fara. Ciwon baya ne irin na kowa. A yankinmu mutumin da ya wuce arba'in bayansa ba ya ciwo, ana zargin ba ya noma. Daga baya wuya ya shiga, yatsun hannu suka riƙa yi masa kamar kiyashi na bi. Sannan ƙafafu. In ya daɗe a tsaye, ko ya yi 'yar tafiya, sai sha-raɓarsa ta yi nauyi, ta ɗauki zafi, can sai ya nemi tafin ƙafarsa ya rasa, kamar an sa masa safa goma a haɗe. In ya zauna ko ya sunkuya na ɗan lokaci, sai ƙafafun su dawo kamar ba su je ko'ina ba.

Wannan ne ya ruɗa shi, shi ne kuma ya rufa masa asiri. Ciwon miƙewa ce ba ya so, sunkuyo kuwa abincinsa ne. A wurin dashen shinkafa kowa yakan ɗago lokaci lokaci ya dafe ƙugu, amma Maharazu sai ya kama layi tun hantsi har azahar bai ɗago ba, domin ɗagowar ce azaba. Iyaye suka fara nuna wa 'ya'yansu shi. A masallaci, in yana nafila, tsayuwarsa gajera ce, ruku'unsa kuwa sai wanda ya zo bayansa ya idar ya bar shi a nan. Keke ya zama ƙafarsa, ko masallacin da ke gida huɗu daga nasa sai ya tura keke yana kwance a kan kan keken. Cikin shekara guda ya yi suna a himma da tsoron Allah, alhali tsoron da ke cikinsa na wani abu ne daban.

Ya nemi magani yadda ake nema. Wanzami ya yi masa ƙaho har bayansa ya koma kamar faifai. Mai magani da lasifika a kasuwar Bunkure ya ce sanyi ne. Na kusa da shi ya ce basir ne, domin a wurinsa duk ciwon da ya sauko ƙasa da haƙarƙari basir ne, wanda ya hau sama kuma hawan jini. A 2005 ya bi motar tumatir zuwa Kano da sunan neman kayan gyaran injin ban-ruwa, ya shiga wani asibiti, aka ɗauki hoton bayansa. Likitan ya tambayi sana'arsa, sannan ya ɗaga hoton a haske.

"Baba, ka san kwalbati in yashi ya cike shi?"

"Na sani."

"To hanyar da jijiyoyi ke bi a tsakiyar ƙashin bayanka ce ta tsuke, a ƙugu da kuma a wuya. In ka miƙe sai ta ƙara tsukewa, in ka sunkuya ta ɗan buɗe. Shi ya sa ƙafafun ke ɗaukewa."

"To a yashe ta mana, likita."

"Ana yi wa wasu aiki, amma sai an yi wani hoton da ya fi wannan. Kafin nan ga ƙwayoyi. Kuma kada ka sake ɗora komai a ka ko a kafaɗa, ko da rabin buhun taki ne."

Maharazu ya ce, "Mutum fa?"

"Wane irin mutum?"

"Wanda ya riga ya rasu."

Likita ya dube shi ta saman tabarau, kamar mai tunanin ko wani sashen ya kamata a tura shi. "Garin naku babu samari ne?"

Maharazu ya yi godiya, ya naɗe hoton, ya zo gida ya cusa shi a ƙarƙashin rufin rumbu. Bai koma ba. Ya ji an ce aiki, ya kuma san da wuƙa ake yi.

Abin da ya koma yi shi ne ƙirga taku. A shekarar farko yana yin ɗari shida a miƙe kafin ƙafafun su ɗauke. A 2005 ɗari biyu. Yana shiga 2006 suka koma casa'in, kuma wannan ba tare da kaya ba ne. Tun kafin nan ya ƙirƙiro wata sabuwar al'ada: da an sallaci gawa, shi sai ya haye keke da tsintsiya ya riga jama'a zuwa, wai zai share yashin kan gada. Yana isa sai ya yi shara biyu, ya zauna a sunkuye yana tara ƙarfin ƙafa har makara ta iso. Wannan ma aka yaba.

Aka kuma yaba masa yawan dubiya. Ba wanda zai kwanta ciwo a Tsamiyar Jaji bai ga Maharazu da lemo a leda ba. Yakan zauna ya daɗe, yana tambayar me aka ci, me likita ya ce, yana kallon majinyacin tun daga kai har ƙafa. Mutane suna cewa tausayi ne. Akwai tausayin, ba za a hana shi ba, amma yana kuma auna nauyi.

Gawa ta ƙarshe da ya ƙetarar kafin abin da zan faɗa ita ce ta tsoho Ibrahimu mai gyaran keke, wanda jinya ta mayar kamar kara. Duk da haka taku biyar na ƙarshe Maharazu bai ji su ba, da ƙirga kawai ya yi su. Da aka karɓi makarar a tsallake sai ya zagaya bayan wata bishiyar darbejiya ya yi amai. Ba wata shaƙuwa tsakaninsa da marigayin, amma aka ce ka ga mai zuciya.

Mai karatu zai ce me ya hana shi faɗa. Tambayar tana da sauƙi daga nesa. Ba wanda ya taɓa yin bayan nan sai shi. Samari biyu sun taɓa gwadawa da makara babu kowa a ciki, ɗaya ya dawo daga taku na shida, ɗayan bai ma cire takalmi ba. Ranar da Maharazu ya ce ba zai iya ba, ranar za a zagaya da uban wani, kuma har 'ya'yan mamacin su mutu za su riƙa tuna ta dalilin wa. Ban da haka, in an cire masa wannan, abin da zai rage mutum ne mai bijimai biyu da ba ya iya tsayuwa. Shekarar 2006 ta zo ta wuce babu babban da ya rasu a garin. Ba na jin an taɓa yin mutumin da ya yi wa garinsu addu'ar lafiya da zuciya ɗaya kamar yadda Maharazu ya yi a shekarar nan.

A farkon 2007 Gwaggo Ummulkhairi ta kwanta.

Gwaggo ba ta taɓa taka siririyar gada ba. Tun ranar da aka sako ruwa ta leƙa sau ɗaya, ta ce ita ba da ita ba. Tana da 'yan'uwa a tsallake, in za ta je musu biki ko gaisuwa sai ta zagaya ta gadar mota, ta tafi da safe ta iso da azahar, ba ta taɓa ƙorafi ba. Kuma ba ƙaramar mace ba ce, jinya ma ba ta rage ta sosai ba. Wata la'asar Maharazu ya je da lemonsa, ya tarar da Datti zaune a bakin gadonta.

"Maharazu ne?" in ji ta.

"Ni ne, Gwaggo. Yaya jikin?"

"Jiki ya gama nasa. Matso nan, ka daina tsaya min kamar wanda allurarsa ta faɗi."

Datti ya ce, "Ai tun da aka fara yabonsa a dashe ya daina kallon sama. Ɗan kawu yanzu ko jirgi ya wuce sai dai a ba shi labari."

"Yi shiru, ɗan mace, masu gida na magana."

Gwaggo ta jira suka gama, kamar yadda ta saba shekara hamsin. Sannan ta ce, "Shekara talatin ban hau gadar nan ba. Sau ɗaya zan hau ta, shi ma ido a rufe. Kada a zagaya da ni, matan unguwa su ce Ummulkhairi ta raini maza biyu an rasa mai ƙetarar da ita." Ta nuna Datti da haɓa. "Wannan rawar kai gare shi tun yana goye. Kai ne a baya, shi ya sa hankalina yake kwance."

"Allah ya ba ki lafiya, Gwaggo."

"Amin, na ji. Amma ka ce to."

Ya ce to.

Washegari, da yara suka tafi makaranta, ya ja layi biyu a ƙasa tsakanin rumbunansa da turken shanu, faɗin tabarmar salla, tsawon taku arba'in da biyu. Ya tuɓe takalmi, ya saɓa buhun shinkafa, ya ɗaga kai yadda ba zai ga ƙasa ba, ya fara tafiya yana ƙirgawa. Da ya ji ƙafafun sun ɗauke sai ya ci gaba, kamar yadda dole zai yi a can. Da ya sauke buhun ya koma ya bi sawunsa. A taku na talatin da ɗaya ƙafar hagu ta fita daga layi da kamu guda, kuma bai ji fitarta ba. Kwana biyu bayan haka ya sake. Ashirin da takwas.

Sa'adiya tana tsaye a ƙofar madafa. Shekara huɗu ke nan tana shafa masa man zafi ba ta tambaye shi komai ba.

"Malam, wannan layin gada ce?"

Ya ci gaba da duba sawunsa.

"A nawa ka faɗa?"

"Ashirin da takwas."

"Saura sha huɗu ke nan kuna cikin ruwa, kai da Gwaggo."

"Ki rufa min asiri, Sa'adiya."

"A rufe yake tun bara waccan, ni ce murfin. Ka gaya wa Datti."

"Uwarsa na kwance in je in ce masa me?"

"Ka kawo shi nan ya ga sawun. Ba sai ka ce komai ba." Ta juya za ta koma ciki, sai ta tsaya. "Ita in ta faɗa, ta riga ta tafi, sai dai abin kunya da neman gawa a bakin ƙofofin ruwa. Kai fa ko a tafki ba ka iya iyo ba."

Sau uku ya je gidan Datti da niyyar faɗa. Duk zuwan da ya yi, kafin ya jingine keke Datti ya tare shi da tsiya, shi ma ya rama, a yi dariya, ya dawo da maganarsa a ciki. Akwai kuma wata 'yar dama da ya riƙe: a ƙarshen rani akan rufe ruwa na 'yan makonni don gyara, a lokacin nan ta cikin busasshen kanal ake bi da makara, hannu goma a kanta. Ya tambaya aka ce saura mako shida. Ya shiga roƙon Allah ya ja wa Gwaggo kwana mako shida. Sai wata rana a cikin sujada ya gane abin da yake roƙa wa mako na bakwai, ya yi ta istigfari har liman ya zo rufe masallaci.

Gwaggo ba ta jira ba. Ta rasu wata Talata da asuba a cikin watan Maris, lokacin da alkama ke shan ruwanta na ƙarshe, kanal cike har baki.

Da hantsi aka fito da ita. Sallar gawa ita kaɗai ce sallar da ba ta da ruku'u, tsayuwa ce daga farko har ƙarshe, kuma aka jinkirta ta ana jiran 'yan'uwan tsallake, shi kuwa yana sahun farko a matsayin ɗa. Da aka sallame ya nufi kekensa da tsintsiyarsa, sai liman ya riƙo hannunsa.

"Haba Malam Maharazu, yau kai ake yi wa. An aika an share. Ka bi bayan uwarka."

Saboda haka ya bi bayan uwarsa a ƙafa, hannunsa cikin na liman, mutane na tare shi suna gaisuwa. Bai ƙirga ba, domin ya san amsar. Da aka iso bakin gada sha-raɓarsa tana ci kamar an ɗaura mata garwashi. Ya sunkuya cire takalmi, ya ja abin iyakar yadda mutum zai iya jan cire takalmi biyu na roba. Mutum wajen ɗari biyu suna jira. Ya buɗe baki, ya ga ƙeyar Datti a tsakanin sandunan gaba, kafaɗunsa na rawa da kukan da yake ɓoyewa. Sai ya shiga tsakanin nasa sandunan, ya miƙe.

"Mu je," ya ce. Ranar bai ƙara komai a kai ba.

Goma na farko ya ji kankare, da ɗumin rana a jikinsa. Daga sha biyu ɗumin ya tafi. A sha bakwai ya daina jin yatsu. Nauyin Gwaggo ya sauka a wuyansa, wani abu kamar wutar lantarki ya bi hannayensa biyu har farce. A ashirin da ɗaya ya ɗaga ƙafar hagu, ya rasa inda take. Bai san ko ta sauka ba, bai san ko a kan gada take ko a kan iska. Ƙarar ruwa kawai yake ji.

"Datti, tsaya."

"A nan?"

"A nan. Kada ka waiwayo."

Datti ya tsaya. Makarar ta ɗan yi lilo ta daidaita.

"Mene ne?"

"Ba ni da ƙafa."

"Ba lokacin wasa ba ne, Maharazu."

"Wallahi ba ni da ƙafa. Zan sunkuya. In na yi ƙasa kai kana tsaye, za ta zamo ta kaina. Ka lanƙwasa gwiwa a hankali, tare za mu sauka. In na ce ya isa, ka tsaya."

Mu da ke bakin kanal abin da muka gani shi ne makara tana yin ƙasa sannu sannu a tsakiyar gada, kamar ana saukar da guga. Wani ya fara salati, aka ce ya yi shiru. Ba wanda zai iya zuwa taimako, domin babu inda na uku zai tsaya. Maharazu ya sunkuya har kansa ya shige ƙarƙashin makarar, sandunan suka koma kan allon kafaɗarsa, ƙafafun Gwaggo a saman ƙeyarsa. Datti yana gaba a rabin tsugune.

A nan ne Maharazu ya ga abin da bai taɓa gani ba a shekara ashirin da biyar na wannan aiki. Ya ga gadar a ƙarƙashinsa. Ya ga ƙafarsa ta hagu, rabinta a kan kankare, rabi a waje, yatsu uku suna leƙen ruwa. Ya ga shi kansa ruwan, kore, mai sauri, yana jan ganyen kainuwa yana shigewa da shi ƙarƙashin gada hagu zuwa dama. Duk shekarun nan a kan wannan yake tafiya ido a sama.

"Ɗan kawu," in ji Datti, muryarsa ƙasa ƙasa, "gwiwata ba za ta daɗe ba."

"Ka ba ni kamar Fatiha bakwai."

"Karanta da sauri."

Ya ja ƙafar da ido, kamar ta wani ce aka ba shi ajiya, ya mayar da ita tsakiya. Ya jira. A hankali wani ɗan zafi ya fara dawowa a dunduniya. Bai yarda da shi ba, bai kuma sake miƙewa ba.

"Mu je a haka. Ƙanana. Ni zan riƙa faɗa."

Haka suka ƙarasa, a duƙe, yana kallon kowace ƙafa yana ajiye ta kamar mai dasa shinkafa, yana cewa taka, taka. Ashirin da ɗayan da suka rage sun zama sun fi hamsin. Da hannayen mutanen tsallake suka ɗauke makarar daga bayansa, sai ya tafi a kan tafukan hannu da gwiwa, ya tsaya a haka a cikin ƙura, gaban kowa. Aka binne Gwaggo yana zaune a gindin darbejiya. Da za a koma, a bayan babur aka ɗora shi, aka zagaya da shi ta gadar mota.

Datti bai tayar da maganar ba har aka share makoki. Ran na takwas ya zo gidan, Sa'adiya ta shimfiɗa masa tabarma a inda layin nan biyu suke, ba su gama gogewa ba. Ya daɗe yana kallonsu.

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

"Ka gwada da buhu, ka ga ba ka iya ba."

"Na gani."

"Sannan ka gwada da uwata."

Maharazu bai ce ita ma uwarsa ce ba, ko da yake gaskiya ne. Datti ya tashi ya yi sallama. Daga ranar, duk inda suka haɗu sai ya tsaya ya ce, "Ina kwana, Malam Maharazu, an tashi lafiya? Ya iyali?" Cikin ladabi, ba ragi. Mutanen da ba su san taubasai ba za su ce an shirya. Maharazu ya ce bai taɓa shan hukunci mai zafin wannan ba, har da ƙaho.

Gari kuwa ya yi abin da gari ke yi. An zauna a masallaci, an kafa kwamitin mayar da ƙarfen gada, kwamitin yana nan har yanzu. Iliyasu mai injin casa, magidanci mai faɗin ƙafa, ya ce zai karɓi baya, Maharazu ya koya masa da buhu da layi biyu. Iyayen da suke nuna wa 'ya'yansu shi a wurin dashe suka daina, tunda an gano himmar ciwo ce. Shi kuma ya ciro hoton daga rufin rumbu, ya tarar gara ba ta ci ba, ya koma Kano ya karɓi ƙwayoyi. Maganar aiki har yau yana cewa sai bayan girbi, bai dai faɗi wane girbin ba. A masallaci yanzu a zaune yake salla, a ƙarshen sahu, kekensa a jingine a bakin ƙofa.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki, Datti ya same shi a bakin kanal, kwance a kan kan keke, yana kallon Iliyasu na ƙetarewa da buhun taki.

"Kana duba wanda zai ɗauke ka ne, tsohon banza?"

Maharazu ya ɗago iyakar yadda wuyansa ya bari. Kusan wata biyu ke nan bai ji magana mai daɗin wannan ba.

"Yana jan ƙafar dama," ya ce.

"Kai da ba ka da ko ɗaya. Ka ci gaba da raina mutane, ranar taka in sa a zagaya da kai."

"Ku zagaya."

Datti ya yi dariya, sannan ya ga shi kaɗai yake yi.

"Da gaske nake, ɗan mace. Na ga ruwan nan. Ku bi ta gadar mota, ko da za ku kai la'asar."

Ya faɗa wa liman, ya faɗa wa Sa'adiya, ya tara 'ya'yansa maza ya faɗa musu. Kowa ya ce to, Allah ya ja kwana. Amma na ji ana maganar a wurin mai shayi, kuma ra'ayin gari ɗaya ne: mutumin da ya ƙetarar da iyayenmu shekara ashirin da biyar, girmansa ya wuce a zagaya da shi. Maharazu ma ya ji. Shi ya sa kowace Juma'a bayan an sauko yakan aika a kira Iliyasu, ya sake ja masa layi biyu tsakanin rumbu da turke, ya zauna a sunkuye yana kallon ƙafar dama.